Ba Zan Ƙona Masa Shago Ba: Martani Ga Masu Neman A Yi Ramuwa

Yau ba da ci gaban labari na zo ba, na ajiye shi sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, domin kuwa tun da babi na goma sha huɗu ya fita ban huta da saƙonni ba. Wasu gyara ne cikin ladabi, na kuma gode, wasu kuwa zagi ne tsagwaronsa aka lulluɓe shi da sallama. Na ga in na ce zan amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya damina za ta wuce ban gama ba, shi ya sa na tara su wuri guda in yi musu kuɗin goro.

Ga wanda bai bi labarin tun farko ba, jarumar littafin ma'aikaciyar jinya ce, Bahaushiya kuma Kirista, aka turo ta aiki ƙaramin asibitin wani ƙauye a yankin Baturiya, cikin ƙaramar hukumar Kiri Kasamma. Saurayinta ɗan cocinsu ne, shekara shida suna tare, da albashinta ya gama makaranta, da adashenta ya buɗe shagon sayar da magani a Haɗejiya. An kai gaisuwa, an sa rana, saura wata biyu biki ya aiko ƙaninsa ya ce ya fasa, ashe 'yar wani dillalin shinkafa ya samu. A babi na sha huɗu ruwa ya yanke hanya, aka kawo matar tasa cikin kwalekwale tana naƙuda, don ta zo goyon ciki gidan iyayenta. Jarumar ta karɓi haihuwar, ta kwana a kanta tana mata fifita, da asuba ta yi wa jaririn wanka ta miƙa mata shi. Wannan shi ne laifin da na yi. Wasu sun ce wawiya na rubuta, babu macen da za ta iya haka a duniyar nan. Wasu sun ba ni umarni in sa gobara ta cinye shagon, matar ta mutu wurin haihuwa ta biyu, ita kuma in aurar da ita ga babban likita mai mota, ya dawo yana kuka a ƙofar gidanta. Wasu kuma, kuma su ne suka fi zafi, sun ce me ya kai ni sa Kirista a littafin Hausa, wai tallan addininsu nake yi.

Bari in fara da waɗannan na ƙarshe don nasu ya fi sauƙi, rashin sani ne kawai, wanda Bahaushe ya ce ya fi dare duhu. Ni Musulma ce 'yar Musulmi, ba kuma na neman wani ya ba ni takardar shaida a kan haka. Amma ku je ku ɗauko littattafai biyar ɗin nan na farko da suka fito daga Zariya bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933, waɗanda malaman jami'a suka daɗe suna dukanmu da su, suna cewa su ne adabi, mu kuwa 'yan kasuwa ne: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. A cikinsu duka wanda aka gina shi a kan soyayya da cin amana shi ne Jiki Magayi, kuma East ya rubuta shi ne tare da John Tafida, mutumin Wusasa, Kirista. Ke nan kakan littattafan soyayyar da muke taƙama da su yau da hannun Kirista a cikinsa. Wusasar nan kuwa ba jiya ta tsiro ba. Likita Miller ya zauna a birnin Zariya tun 1905, a 1913 wasu daga cikin Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano tun kafin zuwan Turawa, suka zo wurinsa, aka zaunar da su a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, daga baya aka mayar da mishan ɗin Wusasa wajen 1929. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, wato ya riga Ruwan Bagaja fitowa. Daga cikin mutanen nan aka samu Dokta Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Tsofaffinmu nawa aka ɗauka daga ƙasar Haɗejiya aka kai asibitin ido na ECWA a Kano, wanda yake aiki tun 1943, suka dawo suna gani? Mu amince wa hannunsu a kan idon kakanninmu, amma a ce haramun ne su shiga shafin littafi? Haba jama'a.

To mu dawo kan Jiki Magayi, domin shi ne amsar masu neman gobara. Abubakar yana son Zainab, mai kuɗi Malam Shehu ya ƙwace ta. Abubakar ya yi daidai abin da kuke so jarumata ta yi: ya ƙudurta ramuwa, ya bar gari ya shiga duniya neman asiri, ya sha baƙar wuya, ya samo, ya sa wa Kyauta, ɗan da Zainab ta haifa. Yaro ya tashi ɓarawo, ƙarshe a hannunsa ubansa ya mutu. Ramuwa ta ci, babu musu. Amma Abubakar ya samu Zainab? Bai samu ba. Yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba shi aka lalata wa rayuwa, uwar da ake cewa ana so ita aka bari da baƙin ciki. Shekara casa'in ke nan da aka nuna mana inda hanyar nan take ɓullewa, amma har yau makaranta suna matsa wa marubuci ya bi ta.

Na san daga ina wannan ɗabi'a ta samo ƙarfi. A 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kwikwiyo, inda Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara, daga baya gobara ta cinye masa dukiya a kasuwa. Littafi ne da nake girmamawa, ita kuma uwa ce a wurinmu a wannan sana'a. Sai dai abin da ya riƙe littafin ba gobarar ba ce, Rabi ce, yadda ta ɗaura ɗamara ta kama sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta ba ta lalace ba. Waɗanda suka biyo baya sai suka ɗauki gobarar suka bar Rabi. Aka wayi gari duk namijin da ya yaudari mace a littafi sai ya yi hatsarin mota, ko ya talauce, ko ya kamu da ciwon da ba ya jin magani, ita kuma sai ta auri wanda ya ninka shi kuɗi, ta wuce shi a titi gilashin mota a rufe. 'Yan kasuwar littattafai sun sha faɗa mana cewa shi ne yake ciniki. Ban musa ba. Tambayata ita ce, yarinya 'yar shekara goma sha tara da saurayi ya yasar, ta karanta irin wannan guda talatin, me muka koya mata? Mun koya mata cewa ciwonta ba zai warke ba sai ta ga ya wulaƙanta. To a rayuwa ta gaskiya sau da yawa ba ya wulaƙanta. Shagonsa yana ciniki, 'ya'yansa suna ƙiba, har a gina masa bene. Ita kuma tana zaune tana jiran gobarar da muka yi mata alkawari, shekara biyar, shekara goma, in ta gaji da jira ta nufi wurin boka, ko ta ce maza duk ɗaya ne ta auri wanda ba ta so don ta huce a kansa. Kullum rediyo yana kawo mana labarin an watsa wa kishiya tafasasshen ruwa, an sa wa miji abu a abinci. Ba na cewa littafi ne ya sa su, masu wannan zargi sun ƙona mana littattafai a Kano a 2007 kuma ba mu manta ba. Amma in muna cewa alƙalami ya fi takobi idan ana yabonmu, bai kamata mu ce ai labari ne kawai ba idan an zo maganar abin da muke shukawa.

Yanzu ga masu cewa babu macen da za ta iya. Akwai, na san ta, na ci tuwo a ɗakinta. Ungozoma ce da ta yi aiki a yankinmu shekaru da dama, kowa Sista yake ce mata, ni ma haka, ita kuma ta kira ni ƙanwata. Ba zan faɗi sunanta ba, na kuma sauya abubuwa da yawa a littafin don kada a gane ta, amma ƙashin bayan labarin nata ne. Da na nemi izininta in rubuta, sharaɗi guda ta gindaya mini, ta ce, “Ƙanwata, kada ki mai da ni mala'ika. Ki rubuta har da watannin da nake tashi cikin dare ina fatan in ji mummunan labarinsa.” Na rubuta su, suna nan a babi na bakwai da na takwas, masu zagina ba su ambace su ba don ba su dace da hujjarsu ba.

Abin da ta gaya mini game da addininta shi ne na sa a bakin jarumar, ban ƙara ba ban rage ba. Ta ce akwai addu'ar da Yesu Almasihu, wanda mu muke kira Annabi Isa (A.S.), ya koya wa almajiransa, suna yin ta a coci da gida, kuma a cikinta an ɗaure gafarar da mutum yake nema wurin Allah da gafarar da shi ya yi wa waɗanda suka cuce shi. Ta ce wata huɗu cur, in aka zo wannan wuri a ranar Lahadi sai ta yi shiru, jama'a su wuce, sa'an nan ta kama daga gaba, domin ta san in ta faɗa ƙarya ta yi a gaban Ubangiji. Wannan ita ce wawiyar da kuke cewa? Ta ce a littafin Matiyu, Bitrus ya tambayi sau nawa mutum zai yafe wa ɗan'uwansa, yana ganin in ya kai bakwai ai ya yi ƙoƙari, sai aka ba shi lissafin da ya ninninka bakwai ɗin. Ita fahimtarta, ba wai mutumin ya cuce ta sau ɗari ba ne, sau ɗaya ya yi, amma ita ce take bukatar ta yafe wannan ɗayan duk safiyar da ta tashi da shi a ƙirji, duk ranar da ta ga kwalin magani mai hatimin shagonsa a hannun mara lafiya. Ta kuma ambaci alkawarin da ke cikin littafin Ezekiyel na cewa Allah zai cire wa mutanensa zuciyar dutse ya ba su ta tsoka. Ta yi dariya ta ce, “Kin san tsoka ita wuƙa take yanka. Duk wanda ya roƙi wannan ya san abin da ya roƙa.”

Ni da nake Musulma ban ji wani baƙon abu a nan ba har da zan tsorata. Mu ma an halatta mana ramawa daidai da abin da aka yi mana, amma an fifita yafiya, kuma yaran Islamiyya ma sun san yadda Annabi Yusuf (A.S.) ya yi da 'yan uwansa ranar da suka zo hannunsa. Muna da bambancin aƙida da Kiristoci mai girma, ba na ɓoye shi, ita ma ba ta ɓoye shi. Amma wanda ya karanta labarin mace ta yafe ya ce ana tallan wani addini, to shi ne ya sallama wa wasu yafiya ya ce ba kayan gidansu ba ce, ba ni ba.

Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san bambancin faƙo da fadama. Faƙo ruwa ba ya cutar da shi, ko an kwana ana tafka sama gangarewa yake ya wuce, amma ko ciyawar akuya ba ta fita a kansa. Fadamar Baturiya kuwa kowace shekara kogin Haɗejiya sai ya hau ta a watan Agusta da Satumba, ya shanye ta, wani lokaci har ya ci gidaje kamar yadda muka gani a 2020 da 2022. Amma daga wannan ƙasar da ruwa ya jiƙa ake yankan shinkafa, a kama tarwaɗa da karfasa, in ruwa ya ja baya a shuka wake, Fulani su sauko da shanu, tsuntsaye su taso tun daga Turai da hunturu su sauka, har a 2008 aka sa wurin cikin dausayoyin da duniya ta amince a kiyaye a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Masu ba 'yan mata shawarar su taurare zuciya don kada a sake cutar su, faƙo suke so su mai da su. Gaskiya ne ba za a sake cutar su ba. Sai dai ɗan da za su haifa da mijin da za su aura a kan wannan faƙon za su zo neman abinci.

Akwai kuma kachala, wadda a ganina ta fi faƙo kama da abin da nake magana a kai. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta canza. Da can ruwa ya zo da ƙarfi da damina, ya wanke hanyoyinsa, ya janye da rani ƙasa ta bushe. Yanzu a wurare da yawa sai ya zauna shekara zagaye, bai gudu ba bai ƙafe ba, a irin wannan ruwan kachala take yaɗuwa. Ta toshe magudanai, ta tara laka, wani gari ruwa ya kwanta masa a gona, wani garin na gaba ko ɗigo bai isa gare shi ba, tsuntsun jan-baki kuma ya yi gida a cikinta ya fito ya cinye shinkafar mutane. Manoman Guri da Kiri Kasamma sun san wahalar shiga ruwa da adda ana saranta, a sare bana baɗi ta dawo. Baƙin cikin da aka hana shi fita da kuka, aka kuma ƙi sakinsa, haka yake yi a ƙirji. Sista ta yi kuka har idanunta suka kumbura, matan zumuntarsu suna zuwa suna zama da ita, ba ta ɓoye wa kowa an cuce ta ba. Ruwan ya zo da ƙarfinsa ya wuce. Shi ya sa ranar da aka kawo mata matar nan hannunta bai yi rawa ba.

A nan kuma ina da magana da wasu daga ɓangarensu, domin wani bawan Allah Kirista ya rubuto yana yabona, amma ya ce da na kammala alherin na sa ta bar masa kuɗin adashen, kuma in matarsa ta rasu ta koma masa. Malam, na gode da yabo, amma ban karɓi shawarar ba. Taushin zuciya daban, zama tabarmar shimfiɗa daban. A babi na tara jarumar ta same shi shi kaɗai ta faɗa masa abin da ya yi, ya yi mata kunnen ƙashi, ta koma da mutum biyu, ya ƙi, ta kai maganar gaban dattawan coci. Wannan tsari ba ni na ƙirƙiro shi ba, yana cikin babin nan na Matiyu da ya yi maganar yafiyar, sura ta 18. Ta karɓi kuɗinta kashi-kashi har ya cika. Wani dattijo a zaman ya so ya rufe maganar tun ba a buɗe ta ba, ya ce ta yi haƙuri ta yafe kada a ɓata sunan ekilisiya, ta ce masa, “Baba, zan yafe, amma a fara faɗin abin da zan yafe.” Irin wannan dattijo akwai shi a coci, akwai shi a zaurukanmu, haƙurin da yake ba mace ba don ita ba ne, don a tashi taro da wuri ne. Yafiyar da aka ƙwata da ƙarfi kafin a ambaci laifi, ita ce take komawa kachala.

Wata 'yar uwa marubuciya ta ce mini a asirce in yi hattara, makaranta za su gudu, labari ba ramuwa kamar miya ba gishiri ne. Mai yiwuwa wasu su gudu. Amma daga cikin saƙonnin nan akwai guda uku da ba na zagi ba ne ba kuma na yabo ba, daga mata uku da ba su san juna ba, biyu Musulmi ɗaya Kirista, kowacce da kalamanta ta tambaye ni abu ɗaya: shin matar nan da gaske ta daina jin zafin? Na mayar wa Sista tambayar ta waya. Ta ce in gaya musu bai tafi duka ba, yana nan kamar tsohon targaɗe da yake motsawa in an yi sanyi, amma ya daina zaɓa mata yadda za ta kalli mutane. Haka na aika musu, haka kuma zai fito a littafin.

Saboda haka ga abin da za ku tarar mako mai zuwa, don kada wani ya ce ban faɗa ba. Shagon yana nan a Haɗejiya, ya ma ƙara firji. Matar ta warke, an yi suna, an aiko wa jarumar da naman suna a leda ta ba masu gadin asibiti rabi ta ci rabi. Mutumin bai zo ya durƙusa ba, irinsu ba su cika zuwa ba. Babu likita mai mota. Ruwa ya fara ja, an buɗe hanyar Kiri Kasamma, ita kuma ranar Talata tana da awon jarirai, mata arba'in da wani abu suna jiranta a gindin bagaruwa, ga allurar rigakafi ba ta iso ba. Daga nan babi na goma sha biyar zai tashi.

Wassalam.